Mu-Gwada da Awarwaron Inna

A benen da ke bayan tashar mota, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe kusa da tankin ruwa, akwai wata mata da ke zaune ita kaɗai. Shekaru sun ja, amma har yanzu tana hawa matakala ashirin da biyu da bokiti a hannu ba tare da ta dafa bango ba. Sunanta na yanka kuwa sai dai a nemo takardar fanshonta a duba. Daga telan da ke ƙasan bene har masu sayar da lemo a bakin titi, kowa Mu-Gwada yake ce mata, kuma tana amsawa ba tare da ta ɓata rai ba, don ta san ita ta saya wa kanta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare. Ta samu aikin ne bayan rasuwar mijinta, wani direban babbar mota da suka yi shekara biyu kacal tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Karatunta bai wuce firamare ba. Aikin kuwa babu wani abin alfahari a cikinsa: a jiƙa bututun gilashi a ruwan sabulu, a zura siririn burushi, a ɗauraye sau uku, a kife a kan katako ya tsane. Bayanta ne ke fuskantar aji, fuskarta na kallon famfo. To amma kunne ba shi da murfi.

Malamin kimiyyar makarantar wani siririn mutum ne mai yawan tari, wanda alli ya cinye wa aljihun riga. Kowace shekara, ranar farko da sababbin ɗalibai suka shigo, magana ɗaya yake fara yi musu.

"In an ce muku abu yana aiki, ku tambaya: in aka kwatanta shi da me? Ku ɗauko biyu, ku sa wa ɗaya, ku bar ɗaya. Wanda zai yi hukunci kuma kada ya san wanne ne wanne, don ido yana ganin abin da zuciya ke so. Kuma kada ku ƙirga ranakun da abu ya dace kawai. Ku ƙirga har da ranakun da bai dace ba, su ne kowa ke mantawa."

Ɗaliban sukan rubuta, su haddace, su zazzage a takardar jarrabawa, su fita su kaɗe riga. Ita da ba ta biya kuɗin makaranta ba, ita ce maganar ta zauna wa. Ta ji ta sau ashirin da wani abu kafin malamin ya yi ritaya, har ta kai tana motsa baki tare da shi tana wanki.

Abin ya fara ne daga tukunya. Maƙwabciyarta Maman 'Yan Biyu ta rantse cewa in aka jefa cokalin ƙarfe a tukunyar nama, nan da nan yake laushi, haka kakarta take yi. Kowace mace a gidan ta gyaɗa kai. Ita kuwa sai ta ce, "To, mu gwada mana." Ta sayo nama, ta raba biyu daidai a kan ma'auni, ta ɗora tukwane biyu iri ɗaya a wuta iri ɗaya, ɗaya da cokali ɗaya babu. Ta zuba a faranti biyu ta kira mata tara su ɗanɗana ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Huɗu suka zaɓi na dama, huɗu suka zaɓi na hagu, ta tara ta ce ita dai a ƙara mata. Maman 'Yan Biyu, kai jama'a, marar cokalin ta nuna ta ce, "Wannan ne, ai da ji ka san aikin kakata." Sun cinye naman tas, amma sai da ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Mu-Gwada da kyau ba.

Daga nan abin ya zama jiki. An ce aski yana sa gashi ya yi kauri, ta aske gefe ɗaya na damtsenta ta bar ɗaya, ta yi wata uku tana dubawa da gilashin ƙara girma. An ce siffar cikin mace tana nuna abin da za ta haifa, ta bi masu ciki goma sha bakwai na unguwa tana rubuta abin da tsofaffi suka faɗa tun kafin haihuwa, ta tarar da jefa kwabo sama ma zai iya yin wannan ƙoƙarin. Kuma a yi mata adalci, ba kullum take ƙaryatawa ba. Da tela ya ce shanya batir a rana yana dawo masa da rai, ta gwada da tocila biyu, ta sauko har shagonsa ta ce, "Kana da gaskiya, maigida, amma gaskiyar taka ta minti huɗu ce." Telan ya yi dariya har allura ta faɗo daga bakinsa.

Sai dai ba kowa ne tela ba. Mutum in ya ce miki tafin hannunsa na ƙaiƙayi zai samu alheri, ba hujja yake kawo miki ba, hira yake nema. Wannan ne abin da Mu-Gwada ta kasa ganewa, duk basirarta. A hankali ta lura cewa in ta doso inda mata ke zaune a inuwar tanki, maganar takan koma ta tsadar gas da ƙarancin ruwa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Ana dai matsa mata wuri a benci, a yi shiru irin na ladabi har ta gaji ta tashi. Abin yana mata ciwo, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta tsoronta, ita ce ƙanwarta Auta, wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Auta mai kitso ce, tana da ɗan shago a ɗaya gefen gari, mota biyu ake shiga kafin a kai: madubi ɗaya mai tsaga a kusurwa, kujeru uku na roba, da fanka mai juya kai kamar tana neman wani. Duk Asabar ta biyu Mu-Gwada takan je ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin ƙanwarta a tsefe mata kai a kitse. Kuma duk ranar, da ta ɗaga labule, Auta za ta tafa hannu.

"Ashe! Wallahi tun safe idona ke rawa, na ce yau zan ga wanda na daɗe ban gani ba."

"Auta, yau Asabar. Ko makaho ya san zan zo."

"To shi idon ya san kalanda ne? Zauna ni dai, Yaya, kan nan naki kamar an yi dambe a ciki."

Haka za su yi ta yi. Auta ta ja mata gashi da gangan in ta fara kawo hujja, ita kuma ta ce wayyo, a yi dariya. A duniya babu hannun da ke taɓa kan Mu-Gwada sai wannan, kuma sati biyun nan takan ƙirga su da yatsa.

Kanta ne ya fara gaya mata akwai matsala. Kitson Auta da can yakan yi sati biyu cif kamar an ɗinka shi, har ya hana ta barci ranar farko. Sai ya fara sassautawa a kwana goma, ya koma kwana shida. Wata Asabar ta kama hannun ƙanwarta ta juya shi a haske, ta ga gaɓoɓin yatsun sun kumbura, suna da ɗumi.

"Tun yaushe?"

"Sanyi ne kawai. Da safe sukan ɗan ƙage, in rana ta yi su sake."

"Mu je asibiti ranar Litinin."

"Asibitin me? Ga maganin nan a hannuna."

Ta girgiza awarwaron da ke wuyan hannunta. Na Innarsu ne, mahaifiyarsu: farin ƙarfe mai kauri, zagayayye, an dasa ƙananan mayen ƙarfe guda shida a cikinsa ta ɓangaren da ke taɓa fata. Inna ta saye shi a shekarunta na ƙarshe don ciwon gaɓoɓi, aka ce mata yana jan ciwo kamar yadda yake jan allura. Ranar da za ta cika, ita da kanta ta zare shi ta sa wa Auta. Tun daga ranar Auta ba ta cire shi sai in za ta wanke wa mace kai, don kada sabulu ya dusar da shi. Takan ajiye shi a kan tagar shago.

Mu-Gwada ta yi magana ta yi magana, wata biyar tana magana. Auta ta ce in ta sa awarwaron tana jin sauƙi, kuma mai ciwo shi ya san inda ke masa ciwo. Yatsun kuwa suna ta ƙara kumbura. Tsoro ne ya kama Yaya, tsoro na gaske, don ta ga yadda hannun Inna ya ƙare. To in mutum yana cikin tsoro, abin da ya iya shi yake ɗaukowa.

Ta zaga kasuwa kwana uku har ta samu awarwaro irinsa sak. Ta kai wa mai gyaran agogo ya ɓanɓare mayen ƙarfen guda shida ya cike gurbinsu da baƙin ƙarfe na banza. Ta zo gida ta zauna da takardar goge katako tana kwaikwayon duk wani ƙarce da ta haddace a jikin na Inna, har da ɗan lotsawar da ya yi ranar da Inna ta buge shi da ƙofa. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma abin kunyar shi ne ta ji daɗin yinsa. Asabar ta gaba, Auta na sunkuye tana wanke wa wata kai, Yaya ta miƙa hannu taga ta musanya.

Sati shida ta bari. Duk zuwa sai ta tambaya, "Yaya hannun?" Auta ta ce, "Alhamdu lillahi, awarwaron Inna na aikinsa. Jiya da na manta shi a taga na awa ɗaya, sai da na ji a jikina." Yaya ta gyaɗa kai, ta je gida ta rubuta.

Ranar da za ta bayyana gaskiyar, da ta ja ƙanwarta gefe su biyu, wataƙila da labarin ya zo da sauƙi. Amma ita a ɗakin gwaji ta koyi abin, inda ake nuna sakamako a gaban aji. Akwai mata uku a shagon, Auta kuma ta kai rabin kitson kan Yaya. Ta ciro allura daga ɗankwalinta ta ce, "Auta, miƙo hannunki." Ta kanga allurar a jikin awarwaron ta saki. Allurar ta faɗi ƙasa, aka ji ƙararta a kan siminti. Ta buɗe jaka ta fito da na gaskiyar, ta kanga wata allurar, ta manne caf.

"Kin gani? Sati shida wanda ke hannunki babu komai a cikinsa, kuma kullum kina cewa yana aiki. Ba shi ne ke sa ki jin sauƙi ba, Auta, zuciyarki ce. Ciwon kuwa yana nan yana cinki. Mu je asibiti."

Auta ta daɗe tana kallon wuyan hannunta. Sannan ta zare na jabun a hankali ta ajiye a gaban madubi.

"Wato sati shida kina zuwa nan, kina zama a tsakanin ƙafafuna, ina taɓa kanki, kina tambayata yaya hannu, kina kallon bakina kina ƙirgawa."

"Don lafiyarki na yi."

"Kayan Inna kika sace a tagata, Yaya. Kika mai da ni tukunyar nama."

Mu-Gwada ta miƙa mata na gaskiyar. Auta ta mai da hannuwanta baya.

"Riƙe abinki. Shi ma ai kin kwashe abin da ke cikinsa."

Rabin kanta a kitse rabi a tsefe ta fita daga shagon, ta ɗaura ɗankwali a bakin titi. A mota tana ta ce wa kanta sati biyu ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ta kira waya ba a ɗauka ba, ta sake kira sau biyu ba a ɗauka ba, sai ita ma ta yi zuciya. A ganinta wanda ke da gaskiya ba ya bin wanda ya yi kuskure da ban haƙuri. Allura ta faɗi ko ba ta faɗi ba? Ta faɗi, a gaban shaidu uku. To me za ta ce ta yi nadamarsa? Haka sati biyu ya zama wata biyu, wata biyu ya zama shekara shida.

A cikin shekarun nan ta yi ritaya. An ba ta agogon bango da takardar yabo, aka kawo wani injin wanke kwalabe aka sa a inda take tsayawa. Ta sa almakashi ta rage gashinta gajere, don ba za ta iya zama a gaban wata mai kitso ba. Ɗakinta tsaf yake kamar kullum: kofuna a kife a kan katako suna tsanewa, ko da yake ɗaya kawai ke jiƙewa; gado, rediyo, kujera biyu, ɗayar ta zama wurin ajiye wanki. Awarwaron Inna yana cikin gwangwanin allurai, duk sun manne a jikinsa. Akwai ranakun da in ba ta sauka sayen burodi ba, har rana ta faɗi ba ta ji muryarta ba, sai ta yi gyaran murya don ta tabbatar tana nan.

Wata safiya tana shan shayi, fatar idonta na hagu ta fara rawa. Ta san dalili sarai: gajiya, ƙarancin barci, shayi mai kauri. Ta sha gaya wa mutane. Amma duk da haka sai ta tsinci kanta ta sauke wankin da ke kan kujera ta biyu. Da ta ga abin da ta yi, kunya ta kama ta, ita kaɗai a ɗaki. Don ta wanke kanta a wurin kanta, sai ta ce, "To, mu gwada."

Ta ɗauko fensir ta tsaya gaban kalandar da mai kantin magani ya ba ta. Ta kafa wa kanta doka: duk ranar da ido ya yi rawa za ta sa ɗigo, kuma nan take, kafin ta san abin da ranar za ta kawo. Duk ranar da baƙo ya zo za ta zagaye ranar da zobe, ko ido ya yi rawa ko bai yi ba. Baƙo kuwa shi ne wanda ta yi wata ba ta gani ba, kuma don ita ya hawo. Mai karanta mitar wuta ba ya ciki. Mai neman ɗakin haya da ya ɓata hanya ba ya ciki.

Ta riƙe dokar nan shekara guda cur, ba ta yi wa kanta ha'inci ko sau ɗaya ba. Amma kada a ce ba ta sauraron matakala. Duk ranar ɗigo takan rage muryar rediyo. Ta san takun kowa a benen: na Maman 'Yan Biyu mai jan silifa, na tela mai tsallake biyu-biyu in ya hawo duba tanki. Duk takan bi su da kunne har su tsaya a wata ƙofar.

Ranar da shekara ta cika ta sauke kalandar ta shimfiɗa a gado, ta ƙirga. Ɗigo tamanin da uku. Zobe biyu: wani tsohon ɗalibi da ya zo ta sa hannu a takardar shaidar cewa ya yi makarantar, da matar malamin kimiyya da ta kawo mata labarin rasuwarsa. Dukansu biyu a ranakun da babu ɗigo suka zo. Ta ɗauki fensir za ta rubuta cewa rawar ido ba ta kawo kowa, sai ta tuna marigayi malamin yakan ce da abu biyu ba a yanke hukunci, sai an tara da yawa. Gwajin ma bai yiwu ba ke nan, don babu isassun baƙin da za a gwada da su. Ta zauna a bakin gado da takardar a cinya. Ta yi niyyar auna ido, sai ga shi ƙofarta ta auna, kuma wannan sakamakon ba ya buƙatar a maimaita. Ta yi kuka ranar, irin kukan da ba shi da sauti, ta tashi ta wanke fuska sau uku kamar kwalba.

Bayan kwana tara, tana layi a kantin magani, wata mata ta taɓa kafaɗarta. Ɗaya ce daga cikin ukun da ke shagon ranar allura.

"Ba ke ce yayar mai kitso ba? Allah sarki. Ai ta rufe shago, shekara biyu ke nan. Hannun ya ƙi."

"Ta je asibiti kuwa?"

"Ta je mana, tun a watan da kuka yi abin nan. Likita ya ce da ta zo da wuri da an tare shi sosai, amma ko yanzu an rage. Kina da gaskiya fa, baiwar Allah. Mu ma mun faɗa a bayanki."

Shekara shida Mu-Gwada tana jiran wani ya ce mata tana da gaskiya. Ga shi an ce, a gaban mutane ma, kuma ta ji shi a baki kamar ruwan ɗauraya. Ta fita ba ta sayi abin da ta zo saya ba. A kan hanya ta yi ta juya abin yadda ta saba, tana neman inda gwajin ya karkace. Awarwaro ba ya magani, wannan haka yake har gobe. Amma duk abin da ta taɓa gwadawa a rayuwarta, nama ne, batir ne, gilashi ne, ba ya jin kunya in an nuna shi a gaban aji. Kuma malamin bai taɓa cewa a ɗauki kayan mutum ba da saninsa ba. Wannan ita ta ƙara da hannunta.

Washegari Asabar ce. Idonta bai yi rawa ba ko kaɗan, ta duba. Ta ɓanɓare allurai daga jikin awarwaron Inna, ta goge shi da toka, ta naɗe a hankici. Da tela ya ga ta sauko da jaka da takalmin fita, ya ɗago daga keke.

"Yau kuma me za a gwada, Mu-Gwada?"

"Ƙafa," ta ce. "An ce zumunci a nan yake."

Mota biyu ta shiga. Shagon ya zama na mai sayar da cajar waya, shi ya nuna mata lungun da Auta ta koma, ɗaki ɗaya a bayan wani gidan burodi. Ta tsaya a ƙofar har sai da zafin tanda ya fara dukan bayanta, sannan ta yi sallama.

An daɗe ana kokawa da sakata daga ciki. Da ƙofar ta buɗe, Auta ce, ta rame, furfura ta fito mata a goshi. Yatsunta sun karkace gefe guda, gaɓoɓin sun yi ƙulu-ƙulu. Suka tsaya suna kallon juna.

"Tun safe idona ke rawa," Auta ta ce.

Mu-Gwada ta ciji harshenta har ta ji gishiri. Ta shiga. Madubin nan mai tsaga yana jingine a bango, kujerun roba sun koma biyu. A kan tebur akwai kwalaben magani a jere, da kofi biyu a kife. Ta zauna, ta warware hankicin, ta kama hannun ƙanwarta ta zura awarwaron. Ya wuce kan yatsun ya tsaya a gaɓoɓin. Ta juya shi, ta sake gwadawa a hankali. Auta ta runtse ido don zafi.

"Bari, Yaya. Ba zai shiga ba. Da shekara uku baya ne, da ya shiga."

"Auta, na yi miki laifi. Ba a kan ƙarfen ba, a kan..."

"Na sani. Ni ma na ga kiranki sau uku na ƙi ɗauka, ina jiran na huɗu." Ta karɓi awarwaron da tafukanta biyu ta ɗora a cinya. Ta dubi yayarta ta gefen ido, irin kallon da. "Tambaya mana. Tun da kika shigo nake ganin bakinki na motsi. In kika haɗiye ta za ta kumbura miki ciki."

Mu-Gwada ta sunkuyar da kai. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Sau nawa ya yi rawa ba ki ga kowa ba?"

"Ni ban iya ƙirge ba, wannan aikinki ne." Auta ta nuna tebur da haɓa. "Amma duk ranar da ya yi, sai na wanke kofin can na biyu. Kin ga har zanen jikinsa ya goge."

Mu-Gwada ta dubi kofin. Na shayi ne mai furanni shuɗi, wanda take sha da shi a shago duk Asabar ta biyu. Furannin sun kusa ɓacewa, na ɗan'uwansa kuwa suna nan raɗau. Ta shekara talatin da ɗaya tana wanki, ta san yawan wankin da ke cinye fenti haka.

"Cire ɗankwalin nan in gani," Auta ta ce. "Wa ke miki kitso yanzu?"

"Babu."

Ta zare ɗankwalin. Auta ta yi salati.

"Yaya! Wane mugun ne ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ni ce, da almakashi."

"Ai da gani. Sauko nan."

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin ƙanwarta. Ta ji yatsun sun shiga cikin gashin, suna neman su raba shi uku. Suka kama, ya zame. Suka sake kamawa, ya sake zamewa, gashin ya yi gajere, yatsun kuma ba sa lanƙwasuwa. Auta ta ja dogon numfashi ta daina ƙoƙari, amma ba ta ɗauke hannun ba. Ta bar shi a nan tsakiyar kan, da nauyinsa da ɗuminsa, Mu-Gwada kuwa ta zauna ba ta motsa ba don kada ya zame.